Abin da Na Ciro a Tumbin Jar Akuya

Ni Jabbi mahauci, ɗan mahauci,
Teburina na nan a bakin Kara.
Shekara talatin ina tsaga ciki,
Hannuna bai taɓa rawa ba, sai rana guda.

Inno Tumba ta jawo jar akuyarta
Tun daga Gidan Igwai, a ƙasa.
Ta ce, "Wata uku ke nan ba ta tuƙa,
Ciki kamar tulu, ƙafafu kamar tsinke.
Na zaci tagwaye za ta ba ni.
Yanka ta, kar ta yi mini mushe a gida."

Na yi bisimilla, na feɗe,
Na kai wuƙa tumbi, wuƙa ta turje.
Ba ɗa, ba dusa, ba harawa,
Sai baƙin dunƙule a naɗe kamar gammo.
Na ɗago shi: leda ce a kan leda.

Na aza a sikeli, ya rinjayi hanta da huhu.
Inno ba ta yi kuka ba.
Ta sa sanda tana juya shi, ta tsaya,
Ta ce, "Wanga ƙullin hannuna ne,
Haka nake ƙulle daddawa.
Kada a nemo mai laifi, ga ni, ga shaida."

Na wanke shi, na rataye a ƙusa
Inda cinya ke kwana.
Har rana ta faɗi bai samu baƙo ba, ko ƙuda.

Washegari na ce wa masu saye:
Mai kwano yana da gyara, tsoka ɗaya,
Wanda ya zo hannu rabbana, ga takarda.
Nomau mai albasa ya riƙe ciki don dariya,
Wai Kara ta yi sabon duba-gari.
Kwana bakwai ina kallon ƙeyar mutane,
Na karyar wa masu tsire da rabin sa,
Na koma da kai da ƙafa, har da ganda.

Ige ta tare ni a bakin murhu:
"Akuyar wasu ce za ta kife mana tukunya?"
Na rasa ta cewa, na sha ruwa a randa.

Sai wata yarinya ta zo da langa,
Ta karɓi gyara, ta ruga tana faɗi.
Kafin Juma'a, ga samira, ga tasa, ga kwalla,
Yara na rige-rigen aiken nama.
Arzika na Kwalkwalawa, mai saƙar kaba,
Wanda kwandunansa suka tsufa a rataye,
Ya baje tabarma a gefena.
Yanzu har yanga yake, ya koyi tsada.

Nomau kuwa, ruwan Agusta ya yi masa wa'azi.
Kwata ta toshe, ta yi amai a rumfarsa,
Buhu shida suka ruɓe.
Na gan shi tsugune, hannu har gwiwa,
Yana zaro abin da ya raba wa jama'a kyauta.
Bai ce mini komai ba, ni ma haka.
Yau ledarsa na ƙarƙashin tebur a ɓoye,
Sai ya tambaye ka, "Ina jakarka?"
Kamar tun kakansa ya gada.

Ban ce an gama ba.
Bi hanyar gulbi ka dubi ƙaya,
Ta yi baƙin fure ba damina.
Ni kaina jiya ƙishi ya kama ni,
Na tsotse ruwan leda, na tsaya riƙe da fankon
Kamar ɓarawon da aka haska.
Na cusa a aljihu. Da wuya a yaye al'ada.

Ɗazu Inno ta dawo, ƙwarya da faifai a ka,
Da 'yar akuya sabuwa, ja kamar waccan.
Ta miƙa wuya tana sunsunar dunƙulen,
Inno ta make mata baki:
"Ke! Wadda ta riga ki ta ci rabonku duka."
Na zuba mata nama, na ƙara gyara biyu,
Ta rufe da faifai, suka kama hanyar gida.